Hatimin Dawowa

Sau uku ke nan Ofisa Boakye yana lasar yatsa yana juya shafukan fasfon tun daga bango har bango, kuma duk lasar da ya yi sai Misyo Zadi ya ji kamar a ido aka tsokane shi. Fasfon nan shekara huɗu yana ajiye cikin leda biyu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, ga shi yau wani ƙato yana shafa masa yawu.

"Ka fita ran sha takwas ga Agustan bara," in ji ofisan, bai ko ɗago kai ba. "Ga hatimin fita nan."

"Haka ne, Yallaɓai. Jana'iza muka je Togo. Kwana biyu kacal."

"To ina na dawowa?"

Misyo Zadi ya miƙa hannu biyu, ofisan ya ba shi. Ya gyara zaman tabarau ya bi shafukan da kansa. Hatimin fita daga Ghana yana nan, na shiga Togo yana gefensa a ɗan karkace. Bayan su babu komai sai farar takarda. Nan take ya tuna abin da ya faru, kuma ya san ko zai kwana yana juya shafukan nan ba zai ga abin da yake nema ba.

"Ka gani ko?" Boakye ya karɓe fasfon. "Mu a wurinmu, kana Togo wata goma sha ɗaya ke nan."

"Yallaɓai, ga ni zaune a gabanka."

"Ni na gan ka. Takarda ce ba ta gan ka ba."

Anatole Zadi mutumin Daloa ne, can Kodebuwa, amma shekara goma sha ɗaya ke nan yana koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata ta mishan da ke kan tudu a nan Ho. Duk gari Misyo ake ce masa, har masu sayar da kifi. Kowace shekara yakan zo wannan ofishi na shige da fice ya sabunta izinin aiki, kuma ba a taɓa mayar da shi gida a kan ya manto wata takarda ba. Irin mutanen nan ne da ke yi wa hankici guga. Bana ne shugabar makaranta ta kira shi, ta ba shi kujera mai laushi, abin da ba ta saba yi ba, ta ce hukumar mishan ta yanke shawarar ba za ta ƙara tsaya wa malamin waje ba, tunda 'yan ƙasa masu Faransanci sun wadata. In ya samo takardar zama na dindindin, aikinsa yana nan kamar na kowa. In bai samo ba, sai haƙuri.

Izinin da ke hannunsa ran Juma'a zai ƙare, yau kuwa Laraba. In ofishin nan ya karɓi takardunsa ya ba shi rasit, yana da ikon zama har Accra ta yanke hukunci. In ba a karɓa ba, sai ya ɗaure kaya shi da 'yarsa Clarisse, yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda ba ta san Daloa ba sai a hoto, su tafi su bar kabarin uwarta a bayan cocin makaranta.

Wata uku ya yi yana haɗa fayil ɗin. Wasiƙun shaidar hali daga manyan 'yan ƙasa biyu, takardar 'yan sanda, takardar likita, hotuna, kowanne da lambarsa a kusurwa. Ya buɗe ya zaro lamba goma sha huɗu.

"Ga kwafin rajistar malamai, Yallaɓai. Da aka dawo hutu a Satumba, ga sa hannuna nan, ƙarfe bakwai saura kwata. Tun daga ranar ban yi fashi ba ko sau ɗaya. Mutumin da ke Togo ne zai koyar da aji shida a Ho?"

Boakye ya duba, ya gyaɗa kai. "To, ka dawo ke nan. Ta ina ka shigo?"

Misyo ya mayar da takardar cikin fayil.

"Ta ina, Misyo?"

"Ta hanyar gona."

"Ta hanyar me?"

"Ba ni na zaɓa ba! Mota ce, ba ni ke tuƙi ba. Na yi magana, na yi ihu ma, ba wanda ya saurare ni."

Ofisan ya ajiye biro ya jingina da kujera. Saurayi ne ɗan Kumasi, bai fi shekara ɗaya da zuwa Ho ba, kakinsa har ƙyalli yake don sitaci. Ba mugu ba ne, ƙa'ida ce kawai ta shige masa jiki, kuma da a ce wani ne zaune a kujerar nan ba Misyo ba, da Misyo ne zai fara yaba masa.

"Bari in taimake ka, don ka yi kama da mutumin kirki. Da akwai hatimi, fitar kwana biyu ba ta ɓata lissafi. Yanzu kuwa ƙofa biyu ce. Ko dai ba ka dawo ba, to ba ka cika wata goma sha biyu a jere da ake so ka yi a ƙasa kafin ka nema ba. Ko kuma ka dawo ta daji ba hatimi, to ka shigo ta ɓarauniyar hanya ke nan, wanda ya yi haka kuwa ba ni da bakin rubuta masa halin kirki. Wanne zan rubuta?"

"Babu ta uku?"

"Ta uku tana hannun Madam Kpodo, ita ce shugaba. Ta tafi taro. Sai ƙarfe biyu, in ta dawo." Ya tura masa fayil ɗin, ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin tebur, ƙanshin shinkafa da wake ya cika ɗakin. "In fa ta dawo ɗin."

A waje, kan bencin da ke gindin mangwaro, Daavi Mawusi tana zaune ta baje kamar a tsakar gidanta, tana ɓare dafaffiyar gyaɗa tana zuba ɓawon a gefen zane. Ita ce shugabar masu girki a makaranta. Ba wanda ya gayyace ta. Da safe kawai ta bar wa mataimakanta tukwane ta biyo shi, wai kada ya je shi kaɗai su raina shi.

"Yaya, Efo? Sun ba ka?" Haka take kiransa, wato ɗan'uwa.

"Sun ce ina Togo."

"Wai me?"

"Babu hatimin dawowa. A wurinsu tun jana'izar Dada ban dawo ba."

Daavi ta dube shi, ta dubi ƙofar ofis, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya, gyaɗa na zubewa. "Yesu na! To ka gaida mini su Kawu Komla da ke can, ka ce ina nan tafe!"

"Daavi, ba abin dariya ba ne. Ran Juma'a fa."

Dada Yawa ita ce mahaifiyar Daavi. Lokacin da matar Misyo ta rasu, Clarisse ba ta cika shekara biyu ba, shi kuwa bai san kan komai ba ban da alli da littafi. Tsohuwar nan ce ta shigo gidansa ba sallama ta kirki, ta ɗauki yarinyar ta goya, ta fita. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, shi ma a lokacin bai iya Ewe, yaren mutanen garin, ba sai gaisuwa. Shekara tara yarinyar tana cin abinci a kwanonta. Da tsohuwar ta rasu a asibitin Ho bara, aka ce za a kai ta Tsikope, ƙauyen da aka haife ta, can ƙetaren iyaka.

Ƙetaren iyaka a wurin mutanenmu ba wani abu ba ne. Akwai mai kwana a Togo ya yi noma a Ghana, akwai mai ɗebo ruwa a wata ƙasa ta dafa a wata. Mota biyu aka cika ranar, ana waƙa. Da aka iso shingen, ma'aikata suka ga baƙaƙen kaya da akwatin gawa, suka duba takardar gawar, suka ɗaga sanda suna yi wa mutane gaisuwar rashi. Sai ga mutum ɗaya ya sauko. Misyo ne, ya ɓalle maɓallin wani aljihun ciki da ya sa tela ya ƙara masa a rigar makoki, ya zaro leda biyu, ya ce shi sai an buga masa hatimi. Minti arba'in aka yi da gawa a rana ana neman wanda mabuɗin durowa ke hannunsa.

Ran Lahadi da za a dawo, dattijon gidan ya tuna wa direbobi abin da kowa ya sani: waɗanda suka rako gawa ba sa komawa ta hanyar da ta biyo, kada mamaciyar ta bi sawunsu ta koma neman ɗakinta. Sai aka karkata ta cikin gonakin koko da rogo. Misyo ya yi ta buga jikin mota yana kiran shinge, mata kuwa suna ta waƙa, Daavi ta ce ya zauna, ran Litinin a je a gyara. Ran Litinin ɗin Clarisse ta daina cin abinci. Mako biyu ya yi yana zaune a bakin gadonta da cokali a hannu, tana juya masa baya tana kiran Dada. A cikin wannan ne hatimin ya fita daga kansa, kuma shi ne abu ɗaya tak da ya taɓa mantawa tun zuwansa ƙasar nan.

"Ke kika ce in zauna," ya ce yanzu, cikin takaici. "Ke kika ce za a gyara."

"To wa ya aike ka ka buga na fitan? Mu arba'in da bakwai muka je, mu arba'in da bakwai muka dawo. Waye gwamnati ke cigiya yau in ba kai ba? Ka shanya uwata a rana saboda tawada, ga tawadar nan ta kama ka."

"Doka ce!"

"Doka! Har Fada, limamin cocinmu, yana cikin motar, bai sauka ba. Ka fi Fada tsoron Allah ne?"

"Ku 'yan ƙasa ne, Daavi! Ku in kun ga dama ku bi ta rami. Ni baƙo ne. Baƙo ba ya wasa da takarda."

Hannunta ya tsaya cak da gyaɗa a ciki. "Baƙo?"

"Baƙo mana."

"Baƙo ne ya riƙe kan akwatin uwata? Baƙo aka zaunar a layin 'ya'ya, aka ajiye ɗan yayarta a baya yana ta cika yana batsewa? Sake faɗa in ji, Efo."

Bai sake faɗa ba, amma bai janye ba. Ta buɗe jakarta da ƙarfi ta zaro wani yadi fari mai ɗigon baƙi, ta ajiye a kan bencin tsakaninsu.

"Ga ankon cikar shekarar Dada nan. Ran sha bakwai ga wata mai zuwa za a cire makoki. Tun makon jiya tela ke jiran awonka, na Clarisse har an gama."

"Ki ba wani. Ni da ƙauyen nan har abada. Ko da sarƙa aka ɗaure ni ba na sake taka shi."

Daavi ta jawo jakarta. Ta naɗe yadin a hankali ta mayar jaka, ta kakkaɓe zanenta, ta juya masa ƙeya. Duk wanda ya san Daavi Mawusi ya san faɗanta ba abin tsoro ba ne, shirunta ne abin tsoro.

Ƙarfe ɗaya ta yi, ta wuce. Biyu ta yi. Misyo ya tashi ya leƙa, ya dawo, ya sake tashi. Ya ƙirga takardunsa sau biyu kamar wata sabuwa za ta haihu a ciki. Ya yi tunanin yadda zai gaya wa Clarisse, wadda ko mafarki da Ewe take yi. Har ya tuna da wani mai sassaƙa hatimi da ke bayan tasha, wanda ake cewa ba abin da hannunsa ba ya iya fitarwa, ya tsinci kansa yana lissafin ko zai iya zuwa ya dawo kafin uku. Da ya gane abin da yake saƙawa sai kunya ta kama shi, ya cire tabarau ya yi ta gogewa ba gaira ba dalili.

Uku saura kwata wata farar mota ta shigo. Madam Kpodo ta fito, gajeriyar mace mai jiki, furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, fuskarta irin ta wadda aka ɓata wa rana da surutun banza. Sai da aka ƙara rabin awa sannan Boakye ya leƙo ya yafito shi. Misyo ya shiga, bai ankara ba sai ya ji numfashin Daavi a bayansa.

"Mama, ki jira a waje," in ji Boakye.

"Ɗana, tun kana cikin zanen goyo nake jira a waje. Yau na gaji." Ta ja kujera ta zauna.

Madam Kpodo ta riga ta tuɓe takalma a ƙarƙashin tebur. Boakye ya tsaya ƙiƙam ya bayyana mata komai, kuma gaskiya bai ƙara ba bai rage ba. Ta saurara tana juya fasfon, ba ta lasar yatsa, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya wa Misyo rai.

"Kowa jana'iza," ta ce. "Duk wanda hatiminsa ya ɓata, jana'iza ya je. Da yawan jana'izar da nake ji a ɗakin nan gaskiya ne, da babu sauran mai rai a Togo. Wane gari?"

"Tsikope, Madam."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Can kuka sami gawar, ko rakiya kuka yi?"

"Rakiya. Daga asibitin nan muka ɗauko ta."

"Ta shinge?"

"Ta shinge, Madam."

Ta juya wajen Boakye. "To kai ta ina kake so su dawo?"

"Ta inda suka fita, Madam."

"Ta hanyar gawa? So kake tsohuwa ta biyo su har Ho?"

"Madam, babu wannan a littafi."

"Na san babu. Ni na koya maka littafin." Ta ajiye fasfon ta haɗa yatsu. "Amma wannan al'ada ko ɗan kwana uku a nan zai iya jin labarinta a tasha ya zo ya karanta mini. Malam, wace hanya kuka bi? Ta bayan firamare ko ta rafi?"

"Ta rafi."

"Me ke bakin rafin?"

"Gadar katako ce, biyu daga cikin katakan sun ruɓe. Sai da kowa ya sauka, maza muka tura motar. Akwai wani babban rimi a hannun hagu da aka ɗaura wa farin ƙyalle."

"Da kuka sauka me kuka yi?"

"Muka wanke ƙafa da fuska. Aka ce kada kowa ya waiwaya. 'Yata ta so ta waiwaya, na riƙe mata kai da hannu biyu har muka haye." Ya gyara zaman tabarau. "Ni ma na so in waiwaya."

Fanka na ta juyi a sama. Boakye ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya sunkuyo wajen Daavi ya ce a hankali, "Mama, me suke cewa ne?" Sai a lokacin Misyo ya lura. Tun daga maganar rafi Madam ta bar Turanci ta koma Ewe, shi kuma ya bi ta bai sani ba.

"Tambaya ta ƙarshe," in ji Madam Kpodo. Ta ɗauki biro. "Zan rubuta dangantaka. Mece ce ita a wurinka?"

Amsar tana bakinsa a shirye, irin wadda takarda ke so: mahaifiyar wata ma'aikaciyar makarantarmu. Gaskiya ce tsaf, ba wanda zai kama shi da ƙarya. Daavi ba ta dube shi ba, bango ta ƙura wa ido, ta rungume jakarta a cinya.

"Ita ta goyi 'yata," ya ce.

"Ban ga gurbin wannan ba. Mece ce ita a wurinka?"

"Uwata ce."

Madam ta rubuta. Daavi ta ja hanci da ƙarfi, ta ce fankar nan ƙura take tayarwa, a ce ofishin gwamnati guda ba mai shara.

"Za ka rubuta mini bayani, duk yadda ka faɗa, har gadar da rimin. Wannan baiwar Allah ta sa hannu a matsayin shaida. Ni zan rubuta nawa a kai. Ban ce maka Accra za ta yarda ba, ka ji ni da kyau. Suna iya yin wata shida, suna iya yin shekara, suna iya cewa a'a. Fasfonka zai bi fayil, ba ka ganinsa sai sun gama. Amma yau za a karɓa." Ta tura masa farar takarda. Da ya miƙo hannu sai ta danne ta da yatsa. "Shekara nawa ka ce ka yi a Ho?"

"Goma sha ɗaya, Madam."

"Goma sha ɗaya, kana kai fasfo jana'iza. Ni fa abin da ya sa na yi shakkarka ke nan, ba rashin hatimi ba. Na ce anya wannan ya zauna da mutane kuwa?"

"Gaya masa dai, 'yar'uwa!" in ji Daavi. "Har aljihu ya sa aka yi masa. Mai maɓalli!"

Misyo ya buɗe baki zai kawo maganar doka, ya dubi kakin matar da ke yi masa faɗa a kan ya bi doka, ya rufe bakinsa.

Sau biyu ya rubuta bayanin. Na farko Boakye ya ce bai bar fili a gefen hagu ba, ina za a huda. Malamin da ke rage wa ɗalibai maki a kan wannan laifin ne ya zauna ya sake kwafewa, haƙoransa a datse. Daavi ta ɗauki minti biyar tana zana sunanta, ta ƙi a taimake ta. Da aka zo buga rasit, tawadar ta bushe. Boakye ya hura wa hatimin iska daga bakinsa, ya danna da dukkan ƙarfinsa, ya ɗaga. Ya fito dishi-dishi, amma ana iya karanta kwanan wata. Misyo ya karanta sau uku kafin ya yarda ya tashi.

A bakin ƙofa ya tsaya ya zaro ledoji biyun nan da suka zama wofi, ya sa rasit ɗin a ta farko, ya naɗe, ya sa a ta biyu. Rana ta yi sanyi, 'yan makaranta sun fara cika titi. Daavi ta yi gaba abinta, ba ta jira shi ba, tana tafe tana jan silifa irin tafiyar wadda har yanzu ba ta huce ba. Sai da ya ɗan haɗa da sauri sannan ya cim mata a wajen masu gasa ayaba.

"Ran nawa kika ce?"

"Me?"

"Cikar shekarar."

"Ina ruwan baƙo da cikar shekara?"

"Daavi."

"Sha bakwai. Ai ka ce ko da sarƙa."

Suka yi 'yar tafiya. Wata tasi ta yi musu oda, ba wanda ya kula ta.

"Ba ni da fasfo yanzu," ya ce.

"Wa ya tambaye ka?"

Ya yi tsaki, irin na mutumin da ya san an ci shi da yaƙi. Ya sa hannu a jakarta ba tare da neman izini ba, ya zaro farin yadin, ya ɗaga shi ya duba ɗigon, ya ce ɗigon ya yi yawa, sannan ya soke shi a hammata.

"Gobe bayan an tashi zan je awon. Ki gaya wa tela kada ya matse mini wuya irin na bara. Kuma ya sa mini aljihun ciki, mai maɓ..."

Daavi ta tsaya ta juyo, ta kama ƙugu tana jira.

Misyo ya shafa ƙirjinsa, daidai inda ya saba jin tudun fasfon.

"A'a, bar shi," ya ce. "Ba sai da aljihu ba."